Burkin Faifai A Tsohuwar Beetle: Abin Da Ke Sa Ya Shanye Bayan An Sauya Shi

Duk wanda ya yi zaman Ikko ko Badun cikin shekarun 1970 da 1980 ba zai manta da 'yar motar nan mai doro ba, wadda injinta ke baya, wurin kayanta ke gaba, watau Volkswagen Beetle. Yarbawa sun laƙaba mata suna Ijapa, ma'ana kunkuru. A shekarar 1975 aka fara haɗa ta a ƙasar nan, a ma'aikatar da ke Ojo kan hanyar Badagry, watau shekarar da aka fara haɗa Peugeot 504 a Kaduna. A wancan zamani ita ce motar fari ta malamin makaranta da akawu da ƙaramin ɗan kasuwa. Ma'aikatar Ojo ta daɗe da daina haɗa ta, a duniya baki ɗaya kuwa an rufe ƙirarta ran 30 ga Yuli, 2003, a garin Puebla na ƙasar Meksiko, bayan an ƙera fiye da miliyan 21.

Amma har yanzu ba ta ƙare ba. Jefi-jefi akan ga motar a bayan gida an lulluɓe ta da tamfol, wata gadon uba ce, wata kuwa an saye ta da arha a hannun wanda ya gaji da ita. Masu sha'awar tsofaffin motoci sukan tayar da ita, a yi fenti, a ɗinke kujeru, a sauke inji a gyara. Shawarar farko da ake ba mai irin wannan mota ita ce ya cire burkin ganga na ƙafafun gaba ya sa na faifai, irin na motocin zamani. Shawarar ba ta da laifi. Inda gizo ke saƙa shi ne, sau da yawa mutum yakan biya kuɗin kaya da na aiki, a miƙo masa makulli, ya hau titi ya tarar gara ma tsohon burkin da aka cire. Wani feda ce za ta nutse masa har ƙasa tun a bakin gareji. Wani kuwa sai ya yi tafiyar rabin awa lafiya lau, sa'an nan burki ya shanye masa a tsakiyar jama'a.

Abin da ya kamata a sani tun farko shi ne, da wuya faifan kansa ya zama shi ne mai laifi. Burki sarƙa ce guda, tun daga tafin ƙafar direba har inda taya ke taɓa kwalta. In aka sauya ƙarshen sarƙar aka bar sauran yadda yake tun shekara 40 ko 50 da suka wuce, lalle wani wuri zai gaza. Sa'ar da aka yi ita ce, yadda feda ke yi a ƙarƙashin ƙafa yakan nuna wurin da ɓarnar take. Wanda ya iya lura da wannan ya huta da sayen kayan da ba ya bukata, watakila kuma ya tsira da ransa.

Bambancin Ganga Da Faifai

A burkin ganga akwai ƙarfe mai kama da tasa wanda ke juyawa tare da taya, a cikinsa da takalma biyu masu lanƙwasa. In direba ya taka feda, sai wani ɗan famfo da ke gaban fedar, wanda makanikai ke kira masta, ya tura mai ta bututu zuwa 'yar silindar da ke kowace ƙafa, ita kuma ta buɗa takalman su gogi cikin gangar. Da ya ɗaga ƙafa sai sifirin masu ƙarfi su jawo takalman su koma wurinsu. Aibin ganga shi ne rufaffiya ce. Zafi ba ya fita da wuri, in kuwa mota ta ratsa ruwa, kamar yadda ake yi kullum a Ikko da damina, ruwan kan kwanta a ciki, burki ya ƙi ci sai ya bushe.

A burkin faifai kuwa, ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe kamar faifan garmaho, wani ƙarfe da ake kira kalifa ya hau bakinsa kamar awartakin maƙeri, ya matse shi ta gefe biyu da 'yan fale-falen da ake kira fad. Iska na bugunsa, ruwa ba ya zama a kansa. Dabarar ta daɗe. Wani injiniya mutumin Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistarta tun 1902, motar tsere ta Jaguar ta ci gasar Le Mans a Faransa da ita a 1953, Citroën DS kuma ta fito da ita kasuwa a 1955. Kamfanin Volkswagen da kansa ya sa wa Beetle 1500 na Turai faifai a gaba daga 1966, shi ya sa kayan sauyin ke zama daidai a jikin motar in an san aikin.

Akwai bambanci uku da ke jawo yawancin matsalolin da za a ambata. Na fari, kalifa ba ta da sifirin mai jawo fad baya. Robar da ke kewaye da fistin ce kaɗai ke ɗan maido shi, da abin da bai kai kaurin takarda biyu ba. Na biyu, faɗin fistin silindar gaba ta ganga kamar milimita 22 ne, na kalifar Beetle kuwa milimita 40, watau fuskarsa ta ninka waccan sau uku da 'yan kai, saboda haka duk ɗan motsin banza da ya yi, mai mai yawa zai sha, feda kuma ta sauka daidai da haka. Na uku, juyawar ganga takan ja takalmi ta ƙara danna shi, watau tana taimakon direba, alhali faifai ba ya yin haka, ita kuwa Beetle ba ta da tulun nan mai ƙara wa ƙafa ƙarfi da ke cikin motocin zamani.

Feda Mai Laushi Kamar Soso

In aka taka feda aka ji ta lugub, tana lotsawa, ko an yi ta bugawa ba ta yin tauri sosai, to iska ce a cikin bututu. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, sai ƙarfin ƙafa ya ƙare wajen matse ta maimakon matse faifai.

Kowane makaniki ya san maganin, watau bilidin: yaro ya zauna yana taka feda ya riƙe, oga ya kwance ɗan nonon da ke jikin kalifa iska ta fita, ya ɗaure kafin yaro ya saki. To amma akan wuni ana yi, a ƙarar da gwangwani biyu na mai, feda na nan yadda take. In haka ta faru, abin da za a fara dubawa shi ne inda ɗan nonon yake. Kalifa irin mai nono ɗaya, ta dama dabam ce, ta hagu dabam, amma kowace takan ɗauru a kowane gefe ba tare da gardama ba. In aka musanya su, nonon zai koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa, saboda haka ko shekara za a yi ana bilidin ba za ta fita ba. Wannan kuskure ya sha sa an sayi sabuwar masta a banza. Gyaransa kuwa bai wuce a kwance kalifa biyun a mai da kowace gefenta ba, nono yana sama.

In nonon na sama kuma laushin bai tafi ba, sai a tuna ko kofin mai ya ƙafe ana cikin aikin, domin da zarar ya ƙafe masta ta shaƙi iska, sai an sake daga farko. Sabuwar masta ma tana zuwa cike da iska, ya kamata a fitar mata da ita tun kafin a haɗa bututu. Ya fi kyau a sa siririn tiyo mai haske a bakin nonon, ɗaya bakin a nutsa shi cikin kwalba mai ɗan mai, don a ga kumfa da ido a san lokacin da ta ƙare. Ɗan ƙwanƙwasa kalifa da bayan sufana yakan saki kumfar da ta maƙale.

Fedar Da Sai An Taka Sau Biyu

Wata fedar kuwa takun farko za ta tafi nesa, a na biyu ta taso ta yi tauri kamar dutse. Wannan ba iska ba ce. Akwai tazarar da man ke cikewa kafin burki ya soma ci, kuma sau da yawa tazarar na ƙafafun baya, inda ba wanda ya taɓa. Hankalin kowa na kan sabon faifai, an manta da cewa gangar baya na nan, ita kuwa a Beetle ba ta saita kanta. Kowace ƙafar baya na da 'yan ƙarafa biyu masu haƙora kamar tauraro, ɗaya ga kowane takalmi. Akan juya har takalmi ya kama ganga, sa'an nan a sassauta haƙori uku ko huɗu har taya ta juya. Gwajin ba shi da wuya: a ɗan ja burkin hannu, a taka feda. In ta taso, to laifin na baya ne.

Wuri na biyu shi ne boris na ƙafar gaba. Sabon faifan Beetle yakan zo haɗe da cibiyarsa, watau sai an buga masa zoben boris. In zoben bai zauna har ƙarshe ba, tafiyar 'yan kilomita za ta zaunar da shi, sai boris ya yi sako-sako. Daga nan faifai zai riƙa rangaji yana ture fistin baya, musamman bayan an sha kwana ko an faɗa rami, takun farko kuma ya tafi wajen maido shi. A ɗaga motar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In an ji tana ƙwal-ƙwal, sai a sake ɗaure boris. A lura, notin ƙafar hagu ta gaba zarensa a juye yake, inda ake kwance sauran nan ake ɗaure shi.

Fedar Da Ke Nutsewa A Hankali

Kafin a tayar da inji, a taka feda da matsakaicin ƙarfi a riƙe kamar minti guda. In tana sulalewa ƙasa sannu a hankali, mai na gudu ta wani wuri. Sai a buɗe gaban motar a dubi kofin mai. In yana raguwa, yoyo ne a waje: a bi duk mahaɗin da aka kwance, a duba cikin tayoyin baya ko sun jiƙe, a duba 'yan makunnan fitilar burki da ke ɗaure jikin masta, domin su ma sukan yi yoyo. Har wa yau akwai wurin da ba a cika tunawa da shi ba. Bututun ƙarfen da ke kai mai baya ta cikin motar ya bi, gefen direba, ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa. Motar da ta sha ruwan damina shekara da shekaru, tsatsa kan cinye bututun nan a ɓoye, ranar da aka taka da ƙarfi ya fashe.

In kuwa kofin bai ragu ba amma feda na nutsewa, robobin cikin masta ne suka mutu, mai na zagaye su yana komawa baya. Mai mota yakan yi mamaki, tun da jiya lafiya take. Dalilin shi ne, shekara da shekaru fistin masta na kai da komo ne a ɗan gajeren wuri, can ƙuryar silindar kuwa tsatsa da dauɗa sun taru. Ranar bilidin yaro ya danna feda har ƙasa sau ɗari, robar ta bi ta kan tsatsar ta yage. Shi ya sa wanda ya san aikin ba ya haɗa sabon faifai da tsohuwar masta.

Tun da za a sauya, sai a sa mai hanya biyu. Tsofaffin Beetle hanya ɗaya gare su, huda guda a ko'ina ta kwashe burkin ƙafa huɗu. Daga wajen 1967 aka soma sa masta mai raba gaba da baya, in ɗaya ya tafi ɗaya na nan. Ana gane ta da kofin mai mai ɗaki biyu da tiyo biyu masu sauka zuwa masta.

Feda Da Tauri, Mota Ba Ta Tsayawa

Akwai kuma wanda zai ce fedarsa na sama, tana da tauri, amma sai ya miƙe tsaye a kanta kafin motar ta tsaya. A nan a fara da fuskar faifan. Sabon faifai yakan zo shafe da mai don kada ya yi tsatsa a hanya, tilas a wanke shi tas kafin a ɗaura. In ba a wanke ba, ko giris na boris ya taɓa shi, fad ya sha mai ke nan, fad ɗin da ya sha mai kuwa ba ya wankuwa, sai sabo. Fad na jabu ma haka yake yi, da ya ji zafi sai fuskarsa ta yi sulɓi kamar gilashi. A kasuwar kayan mota irin ta Ladipo akwai mai kyau akwai marar kyau, arhar fad kuwa ita ce arhar da ba ta ado.

Ko mai kyau ne, sabon fad da sabon faifai sai sun saba da juna. A sami hanya marar jama'a, a kai gudun kilomita 50 a awa, a taka da matsakaicin ƙarfi har a dawo tafiyar ƙafa ba tare da an tsaya cak ba, a ɗan yi tafiya ya huce, a sake, kamar sau goma. Bayan haka a bi shi a hankali na 'yan kwanaki.

Wani kuskuren daga kyakkyawar niyya yake fitowa. Makaniki yakan ga cewa tun da kalifa babba ce, bari a sa babbar masta, ta danfo ko ta wata mota. Faɗin mastar Beetle mai hanya biyu milimita 19 ne. In aka sa wadda ta fi ta faɗi, feda za ta taso ta yi tauri, mai mota ya ji daɗi a gareji, amma ƙarfin da ke isa ga faifai ya ragu, domin ƙarfin ƙafa ɗaya ne aka baza a kan fuska mai faɗi. In kuwa motar na fizga gefe guda in an taka, a binciki kalifar ɗaya gefen, musamman in ta gwanjo ce: fistinta ya cije, gefen da ke aiki shi ke jan motar.

Burkin Da Ke Shanyewa Bayan An Yi Tafiya

Wannan shi ne mafi haɗari, domin a gareji ba ya nuna kansa. Motar za ta tashi lafiya. Bayan kilomita 10 ko 20 sai direba ya ji ta yi nauyi kamar ana riƙe ta, ya ji ƙauri, in ya taɓa wilin gaba ya ƙone shi. In ya ci gaba, sai ya taka feda ta tafi ƙasa fayau ba kome. Abin da ya faru shi ne fad bai saki faifai ba tun da aka tashi, zafi ya taru har man cikin kalifa ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake kamar iska. In aka tsaya rabin awa ya huce, burki ya dawo garau. Nan ne mutane ke ruɗuwa su ce ai ya gyaru, su koma hanya.

Abu uku ke jawo wannan. Na ɗaya, yawancin tsofaffin mastocin ganga na da ɗan bawul mai riƙe ragowar ƙarfin mai a bututu bayan an saki feda, don robobin silindar ƙafa su zauna daram kada iska ta shiga. Sifirin ganga sun fi ƙarfin wannan ragowar, amma kalifa ba ta da sifirin, sai fad ya zauna manne da faifai. Tilas mastar da za ta yi aiki da faifai ta kasance ba ta da wannan bawul a hanyar gaba. Na biyu, sandar da ke tsakanin feda da masta. Ƙa'idar Beetle ita ce a bar mata wasa na milimita 1, wanda a saman feda yakan zama milimita 5 zuwa 7 kafin a ji ta taɓa fistin. Wasu sukan ƙara tsawon sandar don feda ta taso. Yin haka na hana fistin komawa ƙarshe, ya toshe 'yar hudar da mai ke bi ya koma kofi. Mai ya yi zafi ya kumbura, ba hanyar fita, sai ya ƙara matse faifai. Na uku, tsohon tiyon roba. Daga waje lafiya lau, daga ciki ya kumbura ya toshe, ƙarfin ƙafa na iya tura mai ya wuce, amma ba abin da zai turo shi ya dawo.

Rarrabe su ba wuya. Yayin da ƙafar ke riƙe, a ɗaga ta da jak, a ɗan sassauta bututun gaba a bakin masta. In tayar ta saki, laifin na masta ne ko na sanda. In ba ta saki ba, a kwance nonon kalifa: in mai ya yi tsartuwa tayar ta saki, tiyo ne. In duk an yi ba ta saki ba, fistin ne ya cije, ko kuma kalifar ba ta zauna tsakiyar faifai ba.

Man Burki Da Damshin Kudu

Man burki na da wata ɗabi'a, yana shan ruwa daga iska. Bisa ƙa'ida, sabon mai mai lamba DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Santigired, DOT 4 kuwa 230. In suka sha ruwa, ƙa'idar ta sauka zuwa 140 da 155. A ƙasa mai damshi irin Ikko da Fatakwal da Kalaba man kan lalace da sauri fiye da Kano ko Sakkwato, faifai kuwa ya fi ganga kai zafi ga mai, tun da fistin na jingine da bayan fad. Saboda haka ranar sauyi a zubar da tsohon mai duka, a sa sabo daga gwangwanin da aka fasa a gaban mai mota, a kuma sake shi duk shekara biyu. Man da ake aunawa a buɗaɗɗiyar kwalba a bakin titi ya riga ya sha ruwa.

DOT 5 dabam yake, ba a gauraya shi da sauran. Baƙin mai ko man giya in ya shiga, ko kaɗan ne, zai kumbura duk robar da ke cikin burkin. Ruwan omo da wasu direbobi ke ɗurawa in sun rasa mai, a digiri 100 yake tafasa, ya kuma bar tsatsa a masta da kalifa. Tiyon da ke saukar da mai daga kofi zuwa masta ma na musamman ne, in aka sa na fetur zai riƙa gumi yana narkewa. Daɗin daɗawa, yayin da fad ke cinyewa fistin na ƙara fitowa, mai na bin sa, kofi na raguwa, saboda haka mai faifai sai ya riƙa leƙa kofinsa duk mako.

Gaba Da Baya, Da Maganar Taya

Nauyin Beetle wajen kashi 60 cikin 100 a baya yake, gabanta sakayau ne. In faifai ya kama da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, tayoyin gaba kan daskare su yi ta jan ƙasa, tayar da ta daskare kuwa ba ta jin sitiyari, motar sai ta miƙe inda ta dosa. Abin da ke ƙara wannan shi ne iskar taya. Mai faci ya saba da motocin zamani, yakan ɗura wa ƙafa huɗu iska ɗaya, fam 35 ko 40, alhali Beetle wajen fam 18 zuwa 20 take so a gaba, 27 zuwa 29 a baya. Tsohuwar taya ma, ko zanenta bai goge ba, robarta ta bushe ba ta kama ƙasa. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. 2319, alal misali, mako na 23 ne na 2019.

Gwaji Kafin A Hau Titi

In an rasa gane inda laushin feda yake, akwai dabarar da ke raba gardama. Beetle na da tiyon roba huɗu, ɗaya a kowace ƙafa. A matse su duka da abin matsewa marar kaifi, a taka feda. In ta yi tauri a sama, masta lafiya take. Sai a riƙa saki ɗaya bayan ɗaya ana takawa. Ƙafar da aka saka feda ta faɗi, nan ɓarnar take. Ba a yi wa tiyo mai rigar waya wannan gwaji, yakan lalata shi.

Daga nan a karya sitiyari dama har ƙarshe, a karya hagu har ƙarshe, a ga tiyon gaba bai miƙe tsam ba, bai murɗe ba, taya ba ta gogarsa. A tabbata wili ba ya taɓa kalifa, kuma notocin da suka riƙe kalifar nata ne masu ƙarfi, ba tsintuwar ƙasan gareji ba. Sa'an nan a gwada motar a fili, a hankali tukuna, kana da ɗan gudu, a saki sitiyari kaɗan a ga ko tana fizga. A yi tafiyar kilomita 5 ba tare da yawan taka burki ba, a tsaya a kai bayan hannu kusa da kowane wili. Ɗumi ba kome, amma wanda ya fi 'yan'uwansa zafi yana riƙe.

In Ya Shanye A Kan Hanya

In duk da haka burki ya shanye ana cikin tafiya, a bubbuga feda da sauri, sau da yawa yakan ɗan dawo. A sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, daga huɗu zuwa uku zuwa biyu, inji ya riƙe motar. Burkin hannu na Beetle da waya yake aiki, ba ruwansa da mai. A danne maɓallinsa a ja shi sannu-sannu, domin fizgarsa gaba ɗaya na iya juya motar. Kada a zare makulli, sitiyarin wasu kan kulle. Bayan an tsaya kuma, ko feda ta dawo, kada a yarda da ita sai an gano dalilin.

Mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu sun san yadda zuciya ke yi in Salla ta matso: mota ta fito daga gareji tana ƙyalli, ana so a shiga gari da ita a gaida iyaye. Amma daga Ikko zuwa Kano wajen kilomita 1,000 ne, ta Ilori da Jebba da Mokwa, ga gangara, ga manyan motoci, ga iyali a baya. Motar da aka sauya wa burki a wannan mako ba ta wannan tafiya ba ce. A ba ta mako biyu tana zirga-zirgar cikin gari, a mai da ita gareji a sake duba boris da mahaɗan bututu da kofin mai. Kafin mai mota ya biya cikon kuɗin aiki kuma, hakkinsa ne ya durƙusa da kansa ya ga nonon kalifa na sama, ya tambayi makaniki wace masta aka sa, ya ga tsofaffin tiyon da aka cire, ya kuma taka fedar ya riƙe minti guda.